Shawara nake nema: sayen tsohuwar tirelar kwana da gyara ta domin fita da iyali

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tirelar kwana, wato ƙaramin gidan nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa wuraren shaƙatawa. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio da maiɗakina da yara 4, babban yana da shekara 11, autar kuma 3. Mun saba fita da tanti lokacin hutun makaranta, amma ruwan sama da sanyin asuba suna wahalar da ƙananan, sabuwar tirela kuwa ta fi ƙarfina sai da bashin banki, ni kuma ba na son bashi mai ruwa. Shi ya sa na karkata ga sayen tsohuwa in riƙa gyarawa da hannuna sannu a hankali.

Guda biyu na gani a Facebook. Ta farko Shasta ce ta 1964, tsawonta ƙafa 16, ba ta da banɗaki, mai ita yana neman dala 3,200. Ta biyu Airstream ce ta 1972, ƙafa 25, da banɗaki da kicin, an sa mata dala 8,500, kuma mai ita ya ce ta yi shekaru a ajiye bayan gidan gona ba a motsa ta ba. Motata Toyota Sienna ce. Na iya aikin katako daidai gwargwado, amma ban san walda ba, ban kuma taɓa sa hannu a aikin gas ba. Wacce ta fi dacewa da mu, kuma me ya kamata in duba kafin in miƙa kuɗi?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, kafin a yi maganar wacce ta fi kyau, a fara da motar da za ta ja, domin ita ce za ta yanke rabin hukuncin. Iyakar abin da Toyota ya yarda Sienna ta ja shi ne laba 3,500, wato kimanin kilo 1,600, shi ma sai in an sa mata kayan ja. Airstream mai ƙafa 25 ta waɗancan shekarun tana kai wajen laba 4,000 ba a sa mata ko cokali ba, balle a zuba ruwa a tanki, a ɗora tukwanen gas da katifu da abinci da kekunan yara. Ke nan in ka saye ta sai ka sayi wata motar mai ƙarfi irin su F-150 ko Suburban, kuma dole wannan ya shiga lissafinka tun yanzu.

Akwai lissafi na biyu da mutane suke yawan tsallakewa. In ka buɗe ƙofar direba za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙi, tana faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota, wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, a cikin wannan adadin yake shiga. Ku 6 ne, kuma dukanku a mota za ku zauna, domin ba a zama cikin tirela tana tafiya. In ka ɗebe nauyinku da na jakunkuna, abin da ya saura shi ne rabon tirela. Shasta mai ƙafa 16 ba ta cika wuce laba 2,000 ba, don haka ta wannan fuskar ita kaɗai ce motarka za ta iya da ita.

Kafinta_Sani:
Maganar Injiniya gaskiya ce, amma kada rashin nauyi ya sa ka ɗauka Shastar ta tsira. Aikin katako nake yi a Detroit, kuma na buɗe wa mutane irin waɗannan tirelolin. Gininsu shi ne ƙwarangwal na siraran katako, da filawud ta ciki, sannan a lulluɓe waje da siririn alminiyam. Inda fallayen suka haɗu, wato kusurwoyi da kewayen tagogi da ƙofar iska ta rufi, foti, wato wani gam mai laushi da ake toshe gaɓoɓi da shi, shi ne ke hana ruwa shiga, fotin da aka sa a 1964 kuwa ya bushe ya tsattsage tuntuni. Ruwa yana shiga ta sama, ya bi bayan bango a ɓoye, ya taru a ƙasa, ya ruɓar da katakon da ke haɗa bango da daɓe. Alminiyam ba ya ruɓewa, shi ya sa za ka ga waje yana ƙyalli alhali ciki ya zama gari.

In za ka je dubawa, ka tafi da tocila, da sukundireba mai tsini, da tsani, da tsohon kwali na kwanciya a ƙasa. Da ka buɗe ƙofa ka tsaya ka shaƙi iskar ɗakin, domin warin hunhuna ba ya ɓuya, in kuma ka ji turaren fesawa ya yi yawa to akwai abin da ake rufewa. Ka buɗe kowace durowa da ƙarƙashin kujeru, ka soka sukundireba a kusurwoyi huɗu, musamman na baya da ƙarƙashin tagar gaba. Katako mai lafiya zai ƙi, ruɓaɓɓe kuwa ƙarfen zai shige shi kamar ana soka tuwo. Ka haska filawud na bango. Duk inda ya yi baƙi ko ya kumbura ya fara ɓarewa, ruwa ya bi ta nan. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce tirelar da aka shafe cikinta da farin fenti kwanan nan, ko aka lafta silikon a kan kowace gaɓa daga waje. Silikon ba ya daɗewa manne da alminiyam, in kuma ya saki, babu abin da zai sake kama wurin sai an kankare shi tas.

Ka kuma sani ba a gyara irin wannan tirelar daga ciki. A masana'anta daga ciki aka fara gina ta aka ƙare da fatar waje, saboda haka in za a canza ruɓaɓɓen katako sai an cire tagogi, an kwance ƙusoshi, an ɗaga alminiyam ɗin. Wanda ya ce maka ya gyara daga ciki, sabon filawud kawai ya manna a kan ruɓa.

Maman_Hanifa:
Ni ta ɓangaren uwargida zan duba lamarin, domin muna da ƙaramar tirela a nan Minnesota, mu 5 ne kuma. Tirela marar banɗaki da yarinya 'yar shekara 3 ba ƙaramin aiki ba ne. Banɗakin sansani yakan yi nisa, da tsakar dare kuwa uwa ce za ta saɓa yarinya, ta ɗauki buta da tocila, ta bi duhu. Ga alwalar asuba cikin sanyi, ga mace mai hijabi wadda sai ta shirya tsaf kafin ta leƙa waje. Mu masu tsarki da ruwa, buƙatarmu ta ruwa ta fi ta waɗanda aka ƙera tirelar dominsu. Ƙafa 16 ɗin nan kuma har da ƙarfen gaba ake aunawa, ɗakin kansa bai wuce ƙafa 13 ba, sai a auna yadda mutum 6 za su wuni a ciki ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Irin aikin da Malam Sani ya bayyana, ga mai zuwa aiki Litinin zuwa Juma'a a garin da dusar ƙanƙara ke rufe watanni, yana iya cin shekara 2 ko 3. Kafin nan Sadiq ya kai 14, ya fara ganin fita da abokai ta fi masa daɗi. Ka zauna da Maman Sadiq ku yi magana ta gaskiya: fita da yara kuke so, ko aikin gyaran ne ya shiga ranka? Duka biyun abu ne mai kyau, amma ba abu ɗaya ba ne.

Malam_Nasiru:
Allah ya saka maka da alheri a kan gudun riba, ya kuma buɗa maka ta inda ba ka zato. Zan ƙara a kan maganar Maman Hanifa cewa a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya yi umarni da a sa yara salla suna da shekara 7, an kuma yi umarni da a raba musu shimfiɗa in sun kai 10. Babban ɗanka ya wuce wannan, ƙaramar tirela kuwa gadonta ɗaya ne sai teburin cin abinci da ake saukewa ya zama gado, wata kuma da ɗan gadon sama. Mafita mai sauƙi ita ce kada ku rabu da tantinku: mata da ƙanana su kwana a tirela, kai da samarin ku kafa tanti a gefe. Sai dai ka tambayi kowane sansani ko sun yarda da tanti da tirela a fili ɗaya.

Ka kuma lura cewa a ƙasar nan tsohon kaya a yadda ka gan shi ake sayar maka, in ka biya ka ja, babu mayarwa. Amma ranar da kai za ka sayar, wajibi ne a kanka ka faɗi aibin da ka sani.

Alhaji_Garba_Dayton:
Na ga an yi saurin sallamar Airstream, ni kuwa ina da ta 1968 da na gyara, don haka bari in faɗi nata. Gininta ba ɗaya ba ne da na Shasta. Bangonta babu katako. Haƙarƙarin alminiyam ne aka ɗinke da fata ciki da waje da ƙusoshin ribit, irin aikin jikin jirgin sama. Katakon da ke cikin ginin shi ne daɓen filawud, wanda ke tsakanin jikin da shasin ƙarfe. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a California a shekarun 1930, kuma tun 1952 suke da masana'anta a Jackson Center, nan cikin Ohio, tafiyar da ba ta kai awa 2 ba daga Columbus. Amfanin wannan shi ne har yau ana samun kayan gyaranta, akwai kuma ɗimbin mutanen da suka san ta ciki da waje. A 1959 Byam ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga Cape Town har Alƙahira, ta Habasha da Sudan, a kan hanyoyin wancan zamani. Abin da ya jure wannan ba abin rainawa ba ne, kuma in ka gyara ta da kyau kuɗinka ba ya nutsewa, domin kullum akwai mai nema.

Amma ba zan ɓoye maka ba, wadda ta daɗe a kan ciyawa tana da inda ake dubawa. Ƙarƙashinta a rufe yake da falle, a cikinsa akwai audugar gilas da ke shan ruwa ta riƙe, ɓeraye su yi gida, tsatsa ta ci shasi ba wanda ya gani. Ka hau ƙarfen baya ka ɗan yi tsalle a hankali, wani ya tsaya yana kallo. In ƙarfen yana motsi dabam da jikin tirelar, to daɓen baya ya ruɓe ya saki shasi, wannan kuwa sanannen ciwo ne a dogayen tirelolin Airstream na shekarun 1970. Aksil ɗinta kuma, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ba mai sifirin ba ne, roba ce a cikin bututun ƙarfe, in ta shekara 50 takan sandare, tirelar ta riƙa dukan hanya har ribit su fara tsinkewa, don haka ka sa kuɗin sabon aksil biyu a lissafi. Ta 1972 ba a yi ta da tankin ruwan wanke-wanke ba, sai na bahaya kaɗai, sansanonin yanzu kuwa ba su yarda a zubar da ruwan a ƙasa ba. Goge jikin ya yi sheƙi shi ne aikin ƙarshe, ko da yake shi ne mutane suke ɗokin farawa da shi.

Injiniya_Bala:
Alhaji Garba, ban musa ingancinta ba, amma duk abin da ka lissafa aikin walda ne da ɗaga jiki daga kan shasi, mai tambaya kuma ya ce bai san walda ba. Ga kuma motar da ba shi da ita.

Bari in koma kan abin da ya shafi rai, ko wacce ya saya. Gas ba wurin koyo ba ne. A canza bututan roba da na'urar rage ƙarfin gas, a kai wa ƙwararre ya gwada layin gaba ɗaya da ma'auni, kada a tsaya ga shafa ruwan sabulu a gaɓoɓi kawai. Tsofaffin tukwane masu tsohon kai ba za a cika maka su ba, domin tun 2002 doka ta wajabta kan da ke hana cikawa ta wuce kima, wanda ake ganewa da marikinsa mai kusurwa uku. Tirelolin shekarun 1960 da yawa suna da fitilar gas a bango da tsohuwar na'urar ɗumama ɗaki. A bar fitilar don ado in ana so, amma a toshe layinta. A sa na'urar gargaɗin hayaƙi, da ta iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, da ta gas kusa da daɓe domin gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wayarin ma a sabunta shi duka, a haɗa wayar ƙasa da shasi, a sa soket mai yanke wuta da kansa, domin in waya ta goge a jikin alminiyam, tirelar ce gaba ɗaya za ta ɗauki wuta, kuma yaron da ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi ya kama marikin ƙofa shi zai fara sani.

Baba_Panteka:
Daga Kaduna nake bin wannan muhawara. Da a nan take, wannan duk ba abin dogon tunani ba ne. A Panteka akwai mai walda da zai ƙera maka sabon shasi, da mai bugun kwano, da kafinta, da mai wayarin, duk a layi ɗaya. Tambayata ita ce, tunda an ce katakon ya ruɓe, me zai hana a rushe ɗakin gaba ɗaya a gina sabo a kan tsohon ƙarfen? Ni kaina ina sha'awar irin wannan abu don kai jikoki Yankari su ga ruwan Wikki, sai dai halin hanyoyinmu da na tsaro ba su bar mutum ya kwana inda ya ga dama ba.

Kafinta_Sani:
Baba, abin da ka faɗa shi ne a zahiri ake yi wa mafi yawansu, sai dai ba a rushewa da guduma. Bango ɗaya ake kwancewa, a shimfiɗa shi a ƙasa, a yi amfani da tsohon katakon a matsayin ma'auni a yanka sabo daidai da shi, domin tsohuwar fatar alminiyam da tagogin sai sun koma ramukansu. In ka farfasa kafin ka auna, lanƙwasar rufin ta ɓace maka ke nan. Bambancinmu da ku shi ne kuɗin hannu: a garejin tireloli a nan, awa ɗaya ta aiki ta haura dala 100, shi ya sa wanda ba zai yi da hannunsa ba bai kamata ya kusanci tsohuwa ba.

Ummu_Khalil:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tunda akwai ƙananan yara a gidan, ina roƙon a kula da abubuwa uku kafin a fara kankara da yanka. Tayil ɗin daɓe na wancan zamani, musamman masu inci 9, da gam ɗin da aka manna su da shi, sau da yawa suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru masu yawa. Ba a goge shi da inji, ana ɓallar ɗan guntu ne a aika a gwada. Fentin gida mai dalma kuma sai a 1978 aka hana shi a Amurka, dalma kuwa ƙwaƙwalwar ƙananan yara take taɓawa. Na uku shi ne kashin ɓera a tirelar da ta daɗe a gona, domin yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira hantavirus da Turanci. Kada a share shi a bushe, kada a zuƙe da inji. A buɗe ƙofa da tagogi na rabin awa, a sa safar hannu, a jiƙa shi da bilic kashi 1 a ruwa kashi 9, a bari ya jiƙu sannan a kwashe. Yara su taya ka a matakin fenti da labule, amma ba a matakin rushewa ba.

DanZinder_Montreal:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, wato tirelolin faiba. A nan Kanada muna da Boler, wadda aka fara ƙerawa a Winnipeg a 1968, a wajenku kuma akwai Scamp da ake yi a garin Backus na Minnesota. Jikinsu ɓari biyu ne, sama da ƙasa, aka haɗa a tsakiya, don haka gaɓoɓin da ruwa zai bi kaɗan ne, babu kuma ƙwarangwal na katako a bango. Ba su da nauyi, Sienna za ta ja su cikin sauƙi. Aibinsu shi ne ƙanƙanta, kuma masu su sun san darajarsu, ba sa sakin su da araha. In za a bi shawarar Malam Nasiru ta haɗawa da tanti, mai ƙafa 16 za ta iya isar ku. Ina kuma tunatar da duk mai zama a ƙasar sanyi cewa kafin hunturu dole a tsiyaye ruwan bututu a zuba ruwan hana daskarewa na tireloli, mai ruwan hoda ɗin nan, ba na injin mota ba wanda guba ne. Tirelar da aka yi watsi da ita shekaru, ka ɗauka kawai bututanta sun fashe.

DanKatsina_Leeds:
A nan Ingila ba mai sayen tsohuwar tirela sai da na'urar auna laima, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Daga ciki ake dafa ta a bango, kusa da tagogi da kusurwoyi. In ta nuna ƙasa da kashi 15 babu damuwa, in ta haura 20 akwai ruwa a wurin, in ta kai 30 kuwa ɓarna ta yi nisa. Wannan zai taimaka inda mai kaya bai yarda a soka masa sukundireba ba. In da hali, ka je dubawa washegarin ruwan sama.

Hajiya_Binta_Atlanta:
Ba a taɓo maganar takardu ba, alhali ita ce ke iya mayar da tirela kayan ajiya. Wani maƙwabcinmu ya sayi tsohuwa ba takardar mallaka, ya gyara ta tsaf, sannan ya yi watanni yana zarya kafin ya samu lamba. Kowace jiha da dokarta, don haka ka je ofishin takardun mallaka na yankinku ka tambaya kafin ka biya. Lambar shaidar abin hawa mai harafi 17 daga 1981 ta fara, ta tsofaffi gajera ce, yawanci a buge a ƙarfen gaba, fenti da tsatsa sun rufe ta. Ka kankare ka gwada ta da ta takarda, sunan da ke takardar kuma ya zama na wanda ke karɓar kuɗinka. Duk wanda ya ce ka turo kafin alƙalami kafin ka gani, cinikin biri a sama ne, ka rabu da shi.

Sannan a ina za ka ajiye ta? Unguwanni da yawa masu ƙungiyar masu gidaje sun hana ajiye tirela a ƙofar gida, in kuma haya kake sai mai gida ya yarda. Wasu sansanonin 'yan kasuwa ma ba sa karɓar tirelar da ta wuce shekara 10 sai sun ga hotonta, amma gandayen jiha irin Hocking Hills ba ruwansu da wannan.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Asabar na je na ga Shastar da tocila da sukundireba yadda Malam Sani ya ce. Shasin yana da tsatsa ta sama kawai, na buga da guduma ko'ina yana amsawa da ƙarfi. Takardar mallaka tana nan da sunan mai ita, lambar kuma ta yi daidai. Tagogi duka na asali ne, ba wanda ya fashe, har fukafukan ado biyu da ake sa wa Shasta a baya suna nan. Amma kusurwar baya ta hagu ta ruɓe tun daga daɓe har kusan taga, ƙarƙashin tagar gaba ma filawud ya yi baƙi, an kuma lafta silikon a rufin. Tayoyin zanensu bai cinye ba, sai dai gefensu ya tsattsage. Da na nuna wa mai ita kusurwar, bai yi gardama ba, ya sauko zuwa dala 2,000. Airstream kuwa na haƙura da ita saboda maganar mota, ko da yake raina yana kanta. Maman Sadiq ta ce ta yarda in za a sama mata wurin kewayawa a ciki, ko da na tafi-da-gidanka ne a bayan labule.

Injiniya_Bala:
Kada ka ja ta zuwa gida a kan waɗannan tayoyin. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi 4 na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, in kuwa 3 ne to tun kafin 2000 take. Tayar tirela tsufa ke kashe ta ba tafiya ba, in ta wuce shekara 5 ko 6 a canza. Ka sa sababbi a can inda take, a buɗe boris a wanke a sa giris, a gwada fitilun baya, a ɗaura sarƙoƙin tsaro. Ka kuma duba ko tana da birkin lantarki, domin littafin Sienna ya ce tirelar da ta haura laba 1,000 sai da birkinta, wanda ke nufin sa na'urar sarrafa birki a motar. In kusurwar ta ruɓe yadda ka faɗa, ni a kan babbar mota zan ɗora ta, domin iskar babbar hanya tana iya yage bangon da ba abin da ke riƙe da shi.

Maman_Hanifa:
Ni dai har yanzu ina ganin ku fara ɗaukar hayar ƙaramar tirela mai irin wannan girman na kwana 2 ko 3, ku je da yaran duka, sannan ku yanke shawara. Kuɗin hayar bai kai na tayoyi da birki ba.

Alhaji_Garba_Dayton:
Dayton ba nisa, ka zo da iyalin ku ga tawa, Maman Sadiq ta ga banɗakin da idonta. Ina nan a kan ra'ayina cewa iyali mai mutum 6 zai fi ƙarfin ƙafa 16 cikin shekara biyu, kuma dala 2,000 ɗin nan somin taɓi ne.

Kafinta_Sani:
A wannan farashin, da shasi mai lafiya da takarda da tagogi na asali, ni zan saya, amma da sanin cewa abin da ka gani rabin ɓarnar ne. In kusurwa ɗaya ta ruɓe har taga, ka sa a ranka za ka ɗaga fatar baya da ta gaba duka, wataƙila har rufi. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka kwance, ka zuba ƙusoshin kowace taga a jaka dabam da suna, in za ka mayar kuma ka sa fotin butil a ƙarƙashin kowace gaɓa. Ɗakin kaya da ke gefen ƙofa ana iya faɗaɗa shi ya ɗauki bahayar tafi-da-gidanka, tunda bangon zai kasance a buɗe. Sai dai da zarar ka ɗaga rufi ba za ta sake kwana a fili ba har ka gama, tamfol kuwa ba ya jure dusar ƙanƙarar Ohio. Tsayin Shasta daga ƙasa zuwa rufi yana kaiwa wajen ƙafa 8, ƙofar gareji ta yawancin gidaje kuma ƙafa 7 ce. Ka auna taka yau ka faɗa mana, in ba za ta shiga ba sai mu yi maganar rumfa ko hayar wuri kafin ka kira mai ita.